Motata wani lokaci takan ƙi yin kik, bayan na canza batir da kik ɗin

Tambaya: Ina da tsohuwar mota mai shan fetur. Da safe tana tashi lafiya lau, amma idan na yi tafiya na kashe ta, sai in murɗa makulli in ji "ƙas" sau ɗaya, ko in ji shiru gaba ɗaya. Bayan wani ɗan lokaci kuma sai ta tashi kamar ba ita ba. Na sa sabon batir, an canza mini kik, matsalar tana nan. Ina zan duba?

Amsa: Malam, tunda sabon batir da sabon kik ba su kawar da ciwon ba, zargina ya fi karkata ga hanyar da wuta take bi tsakaninsu. Kik na ƙaramar mota yana jan wuta mai yawa, amfiya 100 zuwa 200 lokacin da yake juya inji. Da irin wannan nauyi, 'yar tsatsa a kan batir ko noti ɗaya da ya saki ya isa ya hana shi motsi, alhali fitila da rediyo suna aiki sumul. Zafi kuma yana ƙara wa waya taurin wuce wuta, shi ya sa mahaɗar da take lallaɓawa da safe take gazawa idan inji ya ɗau zafi.

Duk awon da za a yi, a yi shi a daidai lokacin da motar ta ƙi tashi, wani yana riƙe da makulli a wurin kik. Awon da aka yi mota tana lafiya ba ya nuna komai, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Ka ajiye mitar auna wuta a cikin mota. Kafin a taɓa komai, a ja birkin hannu, giya tana firi.

Fara da kunna manyan fitilu, sannan ka murɗa makulli. Idan fitilun suka dushe sosai ko suka mutu, wuta tana maƙalewa a babbar hanya: kan batir, babbar wayar da ta tafi kik, ko wayar as, wato wadda take mayar da wuta batir. Idan kuwa ko gezau ba su yi ba, kuma babu ƙara, to umarnin ne bai isa kik ba, sai a koma ƙaramar hanya, wadda take kai umarni daga makulli zuwa kik.

A babbar hanya, cikakken batir yana nuna volt 12.6 idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin kik. Amma awon da ya fi amfani shi ne na wutar da take ɓacewa a cikin waya. Ka ɗora jan bakin mita a kan sandar batir ta fulos, ita kanta dalmar ba maƙalin da ya riƙe ta ba, baƙin kuma a kan babban notin kik. A murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne asarar da ake yi a wannan waya, kuma bai kamata ya wuce rabin volt ba. Sai ka maimaita tsakanin sandar mainos da jikin kik. Nan ma in ya haura 0.3, akwai gyara. Kana iya matsar da bakin mitar daga mahaɗa zuwa mahaɗa har ka kama inda lambar ta yi tsalle.

Wayar as ita ce aka fi mantawa da ita. Wutar kik tana komawa batir ne ta jikin inji, ta wata waya mai kauri da ta haɗa inji da bodi ko da batir. A tsohuwar mota takan ci tsatsa, mai ya jiƙe ta, ko rabin silinta ya tsinke saboda girgizar inji. Gwajinta ba wuya: ka ɗauki wayar haɗa batir guda, ka maƙala daga mainos zuwa wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. Idan motar ta tashi nan take, ka kama ɓarawon. Kada kuma kyawun roba ya ruɗe ka, domin waya takan ruɓe ta ciki. In ka ga ta kumbura kusa da kan batir, ko ka ga koren gari a bakinta, ko ta yi zafi bayan kik, a canza ta ɗungurungum.

Ƙaramar hanya ita ce siririyar wayar da take shiga solinoyid, wato gwangwanin da ke kan kik, wadda a zanen wayarin ake sa wa alamar S ko 50. Wutarta tana bi ta makulli, sau da yawa ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, sannan ta wani makunni da ke hana mota tashi a cikin giya. Idan motar otomatik ce, ka gwada ta a N lokacin da ta ƙi a P, ko ka ɗan girgiza sandar giya kana murɗa makulli. In ta tashi, makunnin ne. A auna wutar da ke isa wannan siririyar waya lokacin kik. Idan batir yana ba da 12 amma 8 ko 9 ne ke isowa, solinoyid zai yi "ƙas" ya kasa riƙewa. Yawanci cikin makulli ne ya cinye, ko soket ɗin wayar ya yi sako-sako. Rile kuwa ana iya musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin fiyus a gani. A motocin da ba su zo da rile ba, mai wayarin yakan ƙara ɗaya kusa da batir don makulli ya huta da ɗaukar nauyi, kuma gyara ne mai kyau in an sa masa fiyus.

Sai idan cikakkiyar wuta ta isa babban noti da siririyar waya, as kuma lafiya, sannan za a koma kan kik ɗin, ko da sabo ne. Na hannu da wanda aka yi wa kwaskwarima sukan zo da gawayin ciki mai isar da wuta da ya kusa ƙarewa ko tagullar solinoyid da ta ƙone. Alamarsa ita ce a ɗan ƙwanƙwasa jikinsa ya tashi. A hankali dai, domin wasu suna da maganaɗisu a ciki da ke fashewa.

Lokacin gyara, a fara cire kan mainos kafin sifana ta kusanci kik, saboda babbar wayar nan a motoci da yawa ba ta da fiyus kuma kullum da wuta a cikinta. A goge kowace mahaɗa da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a kai.