Kafin a taɓa haƙoranki na gaba: amsoshi kan ciko, manne da kwalliyar haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum. Bikina saura wata uku. Tun ina yarinya haƙorana na gaba suke da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa, haka ma ƙannena, duk ruwan burtsatse ɗaya muka sha muka girma. Na goge da gawayi, da toka, da lemun tsami, ko gezau. Wata mai shagon kwalliya ta ce za ta manna min farare tas a kan guda takwas cikin awa biyu, ƙawata kuma ta ce gara in tara kuɗi in tafi Turkiyya. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin lafiya. A yanzu dai kada ki zaɓi ko ɗaya. Kuma don Allah ki ajiye lemun tsamin nan daga yau.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba ya tofowa. Ƙashi ya karye ya haɗe, fata ta yanke ta warke, shi kuwa abin da ya tafi ya tafi ke nan. A fuskar haƙorin gaba kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba, kusa da dasashi ma bai kai haka ba. Tsami yana narkar da shi, gawayi da toka suna kankare shi, kuma da zarar ya yi sirara sai launin rawayan da ke ƙarƙashi ya fara leƙowa. Shi ya sa masu yawan gogewa suke ganin haƙoransu na ƙara yin ɗorawa.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da tabon da yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha ke haifarwa. Yana shiga ne tun haƙori na cikin dasashi, kafin yaro ya kai shekara 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, amma akwai wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasarsu ya wuce haka. An san matsalar a yankin Kaltungo da Langtang, a Tibiri ta jihar Maradi kuwa har ƙasusuwan yara ta taɓa. Tabon a cikin jikin haƙorin yake, ba datti ba ne, don haka ba ƙazanta ko sakacinki ya jawo shi ba.

Gyaran hawa-hawa ne, kuma daga ƙasa ake fara hawan tsani. Likita zai fara wanke haƙoran, ya duba ko akwai kogo ko ciwon dasashi. Sai haskawa: a auna bakinki a yi miki wata 'yar roba daidai haƙoranki, ki riƙa zuba maganin a ciki kina kwana da ita kamar mako biyu. Mafi yawa ana amfani da kabamayid ferokzayid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Haƙoran za su iya yi miki tsami idan kin sha ruwan sanyi, amma yana wucewa. Sau da yawa launin ruwan ƙasan nan yana dushewa sosai da wannan kaɗai. Idan tabon a sama-sama yake, ana iya goge ɗan siririn bayan ɓawon da wani ƙullun magani. Fararen ɗigon kuma akwai ruwan roba da ake tsotsar da shi cikin ɓawon ba tare da fiƙe komai ba, ana sayar da shi da sunan Icon, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai farin ciko, wato kompozit. Nan ne nake son ki fahimci yadda mannen yake kamawa, domin shi zai raba miki gardama. A 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori asid na ɗan lokaci, roba tana kama shi gam. Har yau haka ake yi. Za ki ga likita ya ɗiga wani shuɗin abu mai kauri a kan haƙorin, asid ne mai ƙarfin kusan kashi 37, ya bar shi daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, ya busar. Wurin sai ya yi fari fat kamar alli, saboda an buɗe ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Sai ya shafa ruwan manne ya kwarara cikin ramukan, ya haska shuɗiyar fitila, abin ya daskare. A kan wannan ake ɗora cikon kaɗan-kaɗan, ana sassaƙa shi har ya saje da maƙwabtansa.

Mannen nan ya fi kama ɓawo fiye da naman haƙorin da ke ƙarƙashinsa, wanda yake da damshi. Ke nan duk wanda ya fiƙe miki ɓawon da yawa ya lalata ainihin abin da kwalliyar za ta riƙe. Fuskar tangaran da ake mannawa, wato biniya, idan gwani ya yi ta yakan cire kamar rabin milimita ne, tana kuma iya kai shekara 10 zuwa 15. Duk da haka in an fara an fara ke nan, za ki riƙa sabunta ta har tsufa. Farin ciko bai kai ta daɗewa ba, goro da shayi suna ɓata launinsa, amma ya fi sauƙin kuɗi, ana gyara shi idan ya ɓantare, kuma haƙorinki na nan a ƙarƙashi kusan yadda Allah ya halicce shi. Ga mace mai ƙuruciya irinki shi na fi so.

Turkiyya akwai ƙwararrun likitoci, ban musa ba. Matsalar ita ce da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan biniya hula ce ake kifa wa haƙori, bayan an fiƙe shi ta ko'ina ya koma kamar turke. Wani lokaci jijiyar ta mutu daga baya. In ciwo ya tashi bayan wata shida kina ɗakin mijinki, wa za ki koma wa?

Mai shagon kwalliya kuwa, ina roƙonki ki rabu da ita. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan, an haɗe haƙora shida da roba ɗaya kamar an yi yaɓe, ko zare ba ya ratsa tsakaninsu. Dasashinta ya kumbura ya yi jawur, yana jini da an taɓa, ga warin da ya sa take magana hannunta a baki. Da aka ɓamɓare, biyu sun fara ruɓewa a ƙasa. Ki nemi likitan da ke da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ki tambaye shi kai tsaye: nawa za ka cire daga haƙorina? Wata ukunki ya isa, amma ki fara yanzu, domin bayan haskawa sai an jira kamar mako biyu kafin a yi manne, in ba haka ba ba ya kamawa da kyau.

Tambaya: Ɗana mai shekara tara ya faɗi a kan keke jiya, haƙorinsa na gaba ya ɓalle rabi. Guntun na nan na naɗe a takarda. Wani maƙwabci ya ce in liƙa da supa gulu.

Amsa: Malam, sannu da jaje, Allah ya ba shi lafiya. Ka yi dabara da ka tsinci guntun. Yanzun nan ka fitar da shi daga takardar ka jefa a cikin madara ko ruwan gishiri kaɗan, don bushewa tana rage masa kamu kuma tana sauya launinsa. Likita zai iya manna shi ya koma mazauninsa da irin mannen da na bayyana a sama, kuma babu cikon da ya kai guntun yaron dacewa da haƙorinsa.

Ka ɗaga leɓensa ka duba wurin da ya karye a cikin haske. Idan ka ga ɗan jan ɗigo a tsakiya, ko jini na tsattsafowa daga cikin haƙorin, jijiya ce ta bayyana, kada ku kwana ba ku je asibiti ba. A shekarunsa saiwar haƙorin ba ta gama ƙosawa ba, ceto jijiyar shi ne zai sa ta ƙarasa. Supa gulu ba ya jure yawu, zai toshe ƙwayoyin cuta a ciki, ya kuma ɓata fuskar da likita zai yi aiki a kai. Idan aka ce za a sa masa hula, ka nemi a yi farin ciko tukuna har ya girma. Ko an gyara, ku koma a duba, don haƙorin da ya bugu yakan yi duhu bayan watanni.

Iyaye su riƙe wannan ma: in haƙorin dindindin ya fita ɗungurum, a kama shi ta kai, kada a kankare saiwar, a sa a madara a garzaya cikin awa ɗaya. Haƙorin nono ne kawai ba a mayarwa.

Tambaya: Ina da kogo a turmin haƙori. An ce in zaɓa, baƙin ciko mai araha ko fari mai tsada. Na kuma ji an ce baƙin guba ne. In cire tsofaffin da nake da su?

Amsa: Baƙin ciko, amalgam, kusan rabinsa zaiba ce, an gauraya ta da azurfa da kuza da tagulla. Ya fi shekara 150 ana aiki da shi, yana da ƙarko ƙwarai. Duniya tana janyewa daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don rage amfani da zaiba, Tarayyar Turai ma ta hana shi daga farkon 2025 sai in da larura, kuma babban dalilin shi ne zaibar da ke ƙarewa a ruwa da ƙasa. An fi ƙarfafa a kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu ciki, da masu shayarwa.

Tsofaffin naka in lafiyarsu ƙalau, ka bar su. Wajen cirewa ne zaibar ta fi tashi, kuma duk cirewa sai ta ci wani ɓangare na haƙorin.

Sabon kogon kuwa, zan ce fari, da sharaɗi. Baƙin ba ya mannewa, sai an fafe ramin yadda zai maƙale, don haka ana cin lafiyayyen wuri. Farin ruɓaɓɓen kaɗai ake cirewa. Amma shi ɗan gata ne, ba ya shiri da yawu ko kaɗan. Yana kuma ɗan tsukewa idan ya daskare, shi ya sa ake zuba shi hawa-hawa, kowane bai wuce milimita 2 ba, ana haska kowanne. Ka lura ko likitan yana tsare wurin da auduga da abin tsotse yawu, ko ma ya shimfiɗa roba ya ware haƙorin. Farin ciko da aka yi cikin gaggawa a jiƙe bai kai baƙin da aka yi da kyau ba. Akwai kuma na uku, gilas ayonoma, da aka fitar a Ingila a farkon shekarun 1970. Yana kama haƙori da kansa, yana sakin fulorayid, har an gina wata hanyar ciko da shi a Tanzaniya wadda ba ta buƙatar lantarki. Ya dace da haƙoran yara da kogon gefen dasashi, amma ba ya jure tauna mai ƙarfi a babban rami.

Tambaya: Ina sha'awar wushirya, an ce akwai mai fiƙewa.

Amsa: 'Yata, wushiryar da aka haife mutum da ita ado ce, na yarda. Wadda ake fiƙewa kuwa rauni ne. Gefen haƙoran biyu ake ci har a kai nama, sai tsami da ruɓewa su biyo baya, wani sa'in jijiyar ta mutu haƙorin ya yi baƙi a tsakiyar murmushinki. Ga kuma hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya ambaci masu buɗa tsakanin haƙora don ado a cikin waɗanda aka la'anta. Ki tambayi malamai ƙarin bayani. Wanda kuma ya ga tazara ta buɗe masa da girma alhali da babu, ya je a duba dasashinsa kafin ya yi zancen rufewa.

Tambaya: Na sa haƙorin Makka shekara huɗu da suka wuce, yanzu wurin yana wari kuma yana min zafi da ruwan sanyi.

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Yawancin waɗannan hulunan ba a auna su da haƙorin mai su, zura su kawai ake yi a matse. Bakinsu ba ya zama daidai da dasashi, abinci yana shigewa ƙasa inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa, haƙorin ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Warin da zafin da kike ji alamar haka ce. Kada ki ɓamɓare da kanki, kada kuma ki danne ciwon da kanumfari ki zauna. Ki je likita ya cire ta, ya ɗauki hoton haƙorin, ya gyara abin da ya samu. Idan kina son ki mayar, a auna bakinki a ƙera miki wadda ta dace, a manna ta da simintin haƙori, sannan ki riƙa ratsa zare a gefenta kowane dare.