Haɗa ma'aikatan nesa da layin biro

Ɗan'uwa, ka ce ma'aikatanka na Mirriah da Magaria kake so su riƙa amsa kiran biro na Damagaram. To indai santiral ɗinku, wato na'urar da ke rarraba kiran biro, na IP ne (mai aiki ta intanet), irin Asterisk, ka sa musu Zoiper, manhajar kira ta intanet, a waya, kowa da lambarsa ta ciki. Amma don Allah kar ka buɗe ƙofar 5060, wadda kira ke bi ya shiga santiral, ga intanet haka kawai, ɓarayin layi za su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗinka, gara ka kafa VPN, wato rufaffiyar hanya tsakanin wayoyinsu da biro, ni VPN ɗin WireGuard nake sawa don ba shi da nauyi ko rezo ya yi rauni. Sai ka sa wa santiral batiri ko sola, don kuran na ɗaukewa kowa ya yanke.