Amsa ga mai tambaya kan shirya bidiyon sujada don talabijin da DVD

Salama a gare ka, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na zauna a natse. Ka ce ikilisiyarku a Daura tana ɗaukar sujadar Lahadi da kyamara ɗaya da wayar hannu, sujadar takan kai awa uku, dattawa kuma sun amince a sayi rabin awa a talabijin, sannan a buga DVD domin tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya zuwa majami'a. Na daɗe ina wannan hidima a majami'armu nan cikin Katsina, tun zamanin kaset, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna ya taɓa.

Ka cire wa ranka cewa fayil ɗaya zai yi maka aiki biyun nan. Mai kallon DVD ɗan gida ne, yana son komai, daga addu'ar buɗewa har albarka, yana so ya hango jikarsa cikin mawaƙa. Talabijin kuwa falon kowa take shiga, har na maƙwabtanmu Musulmi da muke cuɗanya da su kullum a kasuwa da wurin aiki. Saboda haka ka tace babban fayil guda mai inganci ka adana shi, daga jikinsa ka fitar da biyu, kowanne da tsawonsa da tsarinsa.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka taka da ƙafarka zuwa tashar da za ku saya wa lokaci, ko KTTV ce ko NTA Katsina ko wata. Kada ka tsaya kan mai karɓar kuɗin talla kawai, ka nemi injiniyan da zai sa shirin a iska. Ka tambaye shi irin fayil ɗin da na'urarsu ke karɓa, girman hoto, ko mai faɗi (16:9) suke so ko irin na tsohon akwati (4:3), minti nawa takamaimai ne rabin awarsu, da ranar da za ka kai. Rabin awa ba ta cika minti 30 ba, don suna cire lokacin talla da sanarwar tasha. In bai rubuta maka ba, kai ka rubuta a gabansa. Shirinmu na farko da na kai wata tasha ya zarce da kusan minti uku, aka datse shi fasto na tsakiyar addu'ar rufewa. Ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan, domin mutane da yawa sun zauna jiran wannan addu'ar.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato sauti. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji wa'azi ba zai sauya tasha. Makirufon da ke jikin kyamara ba abin da yake kwasowa sai ƙarar fanka, kukan jarirai, janareto da amsa-kuwwar lasifika. In damina ce ruwa ya sauka a kan kwano, shi ke nan. Ka ja waya daga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo, zuwa ƙaramar rikoda, ko zuwa kyamara in tana da mashiga. Ka lura, abin da miksa ke fitarwa ya fi ƙarfin mashigar makirufo, in ka soka kai tsaye ba ka rage ba, murya za ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta gyaruwa. Ka sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe, ka tsayar da ƙololuwar sauti wajajen -12 dB a ma'aunin rikodar, ka saita ta ta ɗauka a 48 kHz, shi ne abin da talabijin da DVD duka ke amfani da shi.

Sai dai miksa kaɗai ma tana da nata cikas. Ba ta jin kowa sai mai riƙe da makirufo. Akwai Lahadin da zumuntar mata suka yi waƙa, majami'a ta ɗauka baki ɗaya, tulu na amsawa, tsofaffi na share hawaye. Da na zo tacewa sai na tarar da muryar mai ba da waƙa ita kaɗai, kamar a ɗaki take rerawa, babu amshi babu tulu. Tun daga nan nake kafa makirufo ɗaya yana fuskantar jama'a, in ɗauke shi daban, in ɗaga shi lokacin waƙa da "Amin", in sauke shi lokacin wa'azi. Kuma kafin a fara sujada, bayan kun kunna komai, wani ya tsaya gaban kyamara ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Da wannan tafin za ka daidaita murya da baki cikin minti ɗaya.

Game da hoto, Najeriya tsarin PAL take bi, firem 25, wato hotuna 25, a daƙiƙa, ba 30 irin na Amurka ba. Ka saita kyamararka a 25 ko 50, saurin shata (buɗewa da rufewar idon kyamara) kuma 1/50, domin wutarmu 50 Hz ce. In ba haka ba za ka ga fitilu suna ƙyaftawa, baƙin layi na yawo a hoto. Wayar hannu ita ce matsala: yawancinsu 30 suke ɗauka, kuma adadin firem ɗin yana hawa yana sauka. Shi ya sa za ka ga a farkon wa'azi baki da murya sun dace, bayan minti arba'in sun rabu. Ka fara wuce da hoton wayar ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ka mayar da shi tsayayyen 25 kafin ka shigar da shi tacewa. In akwai taga a bayan bagade a sa labule, in ba haka ba fuskar fasto za ta zama inuwa. Da hunturu kuma ka riƙa goge gilashin kyamara kowace safiya.

Rage awa uku zuwa ƙasa da rabin awa ba aikinka kai kaɗai ba ne. Ka zauna da fasto, shi zai nuna maka ƙashin bayan wa'azin. Mu dai mukan sa gajeriyar gaisuwa daga bakinsa, waƙa ɗaya, karatun Littafi Mai Tsarki, wa'azi, addu'a. Duk inda ka yanka magana, ka rufe wurin da hoton jama'a daga wayar nan taka, don kada kan fasto ya yi tsalle. Sanarwa, lissafin baiko, sunayen marasa lafiya, wanda ya yi tafiya ya bar gida, duk waɗannan maganar cikin gida ce, kada su fita. Wanda ya ba da shaida, ka nemi izininsa tukuna, yara kuma izinin iyayensu. Dokar hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta hana shirin addini ya soki wani addini, kuma tun 2004 ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba. Ko babu doka ma, ni ba zan bar kalmar da za ta ɓata wa maƙwabci rai ta fita da sunan ikilisiyarmu ba. Waƙar wani mawaƙi da kuka sauko daga intanet kada ka shimfiɗa ta a ƙarƙashin shiri ba da yardarsa ba, ga mawaƙanku nan.

In za ka rubuta aya ko sunan mai wa'azi a kan hoto, ka bar tazarar kashi 10 cikin 100 daga kowane gefe, domin tsofaffin akwatunan talabijin suna cinye gefen hoto. Ka kuma gwada salon rubutun, da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su mayar da su akwati. Ƙarfin sauti na ƙarshe, in tasha ba ta ba ka adadi ba, ni ma'aunin Turai nake bi, -23 LUFS (awon ƙarfin sautin shiri gaba ɗaya). Filashin da za ka kai da shi a yi masa fomat da tsarin exFAT, domin tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB.

Sai DVD. Kwafa MP4 a kan faifai ba shi ne DVD ba. Na taɓa yin haka na kai wa wata mama da ƙafa ta hana ta fita. Ta shimfiɗa tabarma, ta kira jikoki, muka sa faifai, na'ura ta yi ta juyi ta ce babu komai. Mama ta ce, "Ba komai ɗana, wani satin." Washegari na koma da wanda aka yi daidai, ta bi waƙoƙin nan da baki har ƙarshe. DVD na gaskiya hotonsa MPEG-2 ne, 720x576, sautinsa AC-3, kuma in ka buɗe faifan a kwamfuta za ka ga jakar VIDEO_TS da fayilolin VOB da IFO a ciki. Manhajar DVDStyler za ta yi maka wannan kyauta, ka dai zaɓi PAL.

Faifai mai 4.7GB yana ɗaukar awa ɗaya da kyau sosai a kan 8 Mbps (yawan bayanan hoto a kowace daƙiƙa), awa ɗaya da rabi wajajen 6, awa biyu sai ka sauka ƙasa da 5. Awa ukunku kada ka danna su a faifai ɗaya, fuskoki za su dagule musamman lokacin rawa. Ko ka raba biyu, waƙoƙi daban wa'azi daban, ko ka zubar da jiran da ke tsakani. Ka sa babi a farkon kowace waƙa da karatu da wa'azi, ka kuma saita shi ya fara da kansa da zarar an sa, domin gidaje da yawa rimot ya ɓace. Ka buga a hankali, 4x ko 8x, a kan DVD-R, tsofaffin na'urori sun fi karɓarsa.

Kafin ka buga hamsin, buga ɗaya. Ka kai shi gidan da ya fi kowa tsohuwar na'ura a ikilisiyarku, ka zauna ka kalla har ƙarshe, domin can wajen ƙarshen faifai ne yake yawan sarƙewa. In ka dawo daga tashar, ka turo mini abin da injiniyan ya faɗa maka, sai in nuna maka saitin fitarwa ɗaya bayan ɗaya. A gaida fasto da dattawa.