Amsa ga mai tambaya kan shekaru da jinsi a binciken shan giya

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya wadatar ki saka shekaru da jinsi cikin lissafinki na binciken shan giya tsakanin manya, ki wuce. Bai wadatar ba, kuma ni ganau ne, ba jiyau ba.

A bincikena na farko na raba mutane gida biyu, masu sha da marasa sha. Sai alƙaluma suka nuna wai marasa sha sun fi fama da ciwo. Abin ya ɗaure mini kai, na koma takardun tambayoyin ina bin su ɗaya bayan ɗaya. A gefen wata takarda mai tattara bayanai ya rubuta da biro cewa mutumin ya daina ne bayan likita ya ce hantarsa ta taɓu. Ashe na cakuɗa wanda bai taɓa sha ba da dattijon da ciwo ya raba shi da kwalba. Tun 1988 wani mai bincike mai suna Shaper da abokan aikinsa suka ja hankali kan wannan kuskure a bincikensu kan mazan Birtaniya. Don haka ki ware waɗanda suka daina sha daban tun daga takardar tambaya.

Jinsi kuwa, ki duba maza daban, mata daban, kafin ki haɗa. Ruwan jikin mace bai kai na namiji ba, shi ya sa kofi ɗaya ya fi tasiri a jininta. Haka ma tsofaffi. Idan AUDIT za ki ɗauka, wato tambayoyi 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya don gano masu shan da ke cutarwa, maki 8 da aka saba yankewa a kai yakan tsallake mata da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da ƙarfin aljihu. Talaka ya fi mai hali cutuwa ko da shansu ɗaya ne, saboda haka ki tambayi ilimi, sana'a da shan taba.

Ki kuma faɗi ma'auninki ƙarara, domin "kofi ɗaya" giram 14 ne na sinadarin barasa a Amurka, a Birtaniya kuwa giram 8. Sannan mutane na rage adadin da suke faɗa, musamman inda ake jin kunyar abin. Ni yanzu takarda nake miƙa wa mutum ya cike da kansa, ba suna, ya jefa cikin rufaffen akwati.