Ruwan rini a hoton CT na hantar yaro

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa nake sa ka ɗora yaro a kan sikeli kafin ka zuƙi ruwan rini, wanda ake tura masa ta jijiya don hanta ta fito sarai a hoton CT, kuma me ya sa na hana na'urar hoton ta zagaye cikinsa sau uku kamar yadda muke yi wa manya. To, saurara.

Ruwan nan, Omnipaque 300 da ire-irensa, aidin ne a cikinsa, miligiram 300 a kowane mililita. Yaro ana ba shi mililita 1.5 zuwa 2 a kan kowane kilo, kuma komai ƙibarsa ba ya wuce rabon babba. Jariri mai kilo 5, mililita 10 ne iyakarsa. Kada ka karɓi nauyi daga bakin uwa ko daga tsohon kati, domin mai ciwon hanta yakan rame cikin 'yan makonni. Kuma tunda ruwan kaɗan ne, abin da zai maƙale a cikin robar da ruwan ke bi zuwa jijiya ba ƙaramar asara ba ce. Ka bi shi da ruwan gishiri ya kora shi.

Inda aka fi ɓata aikin nan shi ne lokaci. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji da saifa yake zuwa, saura kuma ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Ka ɗauki hoto da wuri, rinin bai gama zagayo hanji ba, hanta ta fito dishi-dishi. Ka makara, ƙarin da ya tsiro a hantar ya sha rini daidai da naman hanta, ya ɓace maka. Babba mukan jira masa sakan 60 zuwa 70 daga fara turawa. Jinin ƙaramin yaro ya fi saurin zagayawa, nasa wajen 50 zuwa 60 ne. Saurin turawa kuwa kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, ita ce ke yanke shi: mai launin ruwan ɗorawa mai lamba 24 kada ta wuce mililita 1.5 a sakan, shuɗiya mai lamba 22 wajen 2.5. Ka gwada ta da ruwan gishiri tukuna, yatsanka a wurin. Jariri ba zai ce maka yana jin zafi ba, kumburi za ka ji, kuma da ka ji ka tsaya.

Zagaye uku kuma tururin eksire ne ninki uku a jikin da ke girma, mai shekaru masu yawa a gaba. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Yawancin yara zagaye ɗaya ya ishe su, sai in likitan hoto ya nemi ƙarin don ganin jijiyoyi kafin tiyata. Ka sauke ƙarfin na'ura zuwa 80 kV, wato ma'aunin ƙarfin lantarkinta: aidin ya fi haske a nan, tururin ma ya ragu.

Kafin komai, ka tambayi uwa ko an taɓa yi masa wannan allura ta tayar masa da ƙaiƙayi ko toshewar numfashi, ko yana da asma ko ciwon ƙoda. Mai gudawa ko amai, a sanar da likita a fara ƙara masa ruwa. Adirenalin, maganin gaggawa in rinin ya tayar masa, ya kasance a kusa, an riga an lissafa nasa, miligiram 0.01 a kan kowane kilo, a tsokar cinya.