Amsar Kawu Kan Tsugunawa Gaban Manya

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na sa ƙanwarka ta karanta mini shi da ƙarfi, don idona ya daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Da farko dariya na yi har uwargida ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce a taron addu'arku na ɗalibai a Birnin Kebbi wani ɗan'uwa ya koya muku cewa Kirista ba ya durƙusa wa kowa sai Allah, wai tsugunawa gaban manya al'adar duhu ce, ƙanwar bautar gumaka. Kana tambaya ko in ka zo hutun Kirsimeti za ka iya gaishe mu a tsaye, ka miƙo hannu kawai. Na gode da ka tambaye ni tun kafin ka gwada a gaban uwarka.

Na san inda ɗan'uwan nan ya samo maganarsa. Shadrak da Meshak da Abednego ne, waɗanda suka ƙi yin sujada da sarki ya umarta, a Daniyel sura 3. To, amma abin da Nebukadnezzar ya kafa a filin Dura gunkin zinariya ne, sujada kuma ya nema. Ku buɗe Farawa 23 ku ga Ibrahim ya sunkuya wa Hittiyawa sa'ad da yake neman wurin binne Saratu, alhali mutanen ba su ma san Allahnsa ba. A sura ta 33 Yakubu ya rusuna har ƙasa sau bakwai kafin ya isa gaban wansa Isuwa. Sulemanu yana kan gadon sarauta, uwarsa ta shigo, ya tashi ya rusuna mata, wannan yana 1 Sarakuna 2:19. A Littafin Firistoci 19:32 kuwa cewa aka yi a miƙe tsaye gaban mai furfura. Su can tashi suke yi, mu nan ƙasar Zuru ƙasa muke yi, kowa da yadda iyayensa suka nuna masa. Wannan ɓangaren bai da wuya, ko ɗan ajin Lahadi zai iya nemo maka ayoyin. Abin da ya dame ni daban ne, kuma ban san yadda zan faɗa maka shi ba sai ta hanyar kakanka.

Ba ka riske shi ba. Dogon mutum ne, mai kaifin harshe, ba ya son wargi. A ajin karatu na mishan ya koyi baƙaƙe yana magidanci, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, wanda ya riƙe har ya mutu ko da sabuwar fassara ta fito. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa yi masa magana a tsaye ba. Tun daga bakin zaure kake tuɓe takalmi, ka cire hula, ka tsuguna, ka jira ya ɗago kai. In ya aike ka, sai ka ce to, ba ka tambayar dalili. Abin da ya fi yawan faɗa mana shi ne bin na gaba bin Allah. Mu kuwa muna ganin shi ne na gaba, ba mu taɓa tunanin shi ma yana da wanda yake bi ba.

Shekarar 1973, wadda naira ta maye gurbin fam da sule, aka yi fari a arewa. Mu nan kudu da Sakkwato abin bai kai na mutanen can arewa da mu ba, amma ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Majami'armu ta ƙauye ginin laka ce da jinkar ciyawa, kujerunta ma dakalin laka ne, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Bayan girbi kowane gida yakan kawo damin dawa baikon godiya, a zuba a rumbun ikilisiya, daga ciki ake ciyar da mai bishara da baƙi da gwauraye. Kakanka ne dattijon da ke riƙe da lissafin rumbun, a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa cikin aljihun rigarsa. Da bazara ta yi tsanani, ya hau ya ƙirga, ya tarar dami uku babu.

Akwai wani saurayi maraya da ke ajin masu neman baftisma, yana kuma yin golmo a gidan wani tsoho mai bin addinin gargajiya. Kai ɗan zamani ne, golmo a baki kawai ka san shi. Shekaru saurayi yake yi yana noma gonar surukinsa tare da abokansa kafin a ba shi yarinya, har bakwai ake lissafawa, shi ya sa labarin Yakubu da Laban bai taɓa zama baƙo a kunnen mutanenmu ba. Yaron nan ya kusa gamawa. Sai wata mata ta ce ta gan shi da magariba yana saukowa daga rumbun da kaya a ka. Kakanka bai kira shi gefe ba. Bayan addu'ar Laraba, jama'a ba su watse ba, ya tsayar da shi a ƙofar majami'a ya kira shi ɓarawo. Yaron ya tsuguna, kansa a ƙasa, abin da kawai ya ce shi ne, Baba, ban yi sata ba. Aka ce to ina dawar? Ya yi shiru. Aka cire shi daga aji. Kafin gari ya waye magana ta kai gidan surukinsa, tsohon ya aiko cewa kada ya ƙara taka masa gona. Shekarun gumin nan duka suka tafi a kan kalma ɗaya.

A lokacin mai bishararmu ya tafi Tungan Magajiya wani ɗan kwas a makarantar Littafi Mai Tsarki. Ya dawo ran wata Asabar, washegari kuma ranar Jibin Ubangiji ce, wadda sai fasto ya zo daga Zuru a kan keke ake yi. Da daren nan na ji sallamarsa a zaurenmu. Ni ke kwana kusa da zaure, na ji komai. Ashe shi ne ya aiki yaron, daren da zai yi tafiya, ya kai wa wata tsohuwa gwauruwa dawar a ɓoye, don ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba kuma kunya ta hana ta roƙo. Ya ce masa kada kowa ya ji, hannun hagu kada ya san abin da na dama ya yi, shi zai faɗa wa dattawa in ya dawo. Yaron ya riƙe alkawarin, ya rufa wa tsohuwar asiri, ya ɗauki sunan ɓarawo a kansa. Mai bishara ya tafi, ban ji kakanka ya shiga ɗaki ba. Har zakara ya yi cara fitilar zaure tana ci.

Da safe aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka yi waƙa, fasto ya yi wa'azi. Kakanka ne zai ɗauki faifan gurasa ya zaga da shi. Da aka kira shi ya miƙe, amma bai nufi tebur ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce akwai bashi a wuyansa, Ubangiji kuwa ya ce wanda ya kawo baiko gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya bar baikon nan, ya je su shirya tukuna. Ya ce a yi masa haƙuri a jira shi. Ya fita. Fasto ya rufe gurasar da ƙyalle ya bi bayansa, sai kusan rabin majami'a muka bi su, cikin rana, ba mai magana.

Bai tafi gidan da yaron yake ba. Ya aika a kira shi zuwa ƙofar gidan surukinsa, inda tsohon yake zaune gindin ɗorawa da mazan unguwarsu, waɗanda ba su taɓa taka majami'a ba. Da yaron ya iso, a rame, yana rawar jiki don ya ɗauka wani sabon hukunci ne, kakanka ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya kai gwiwoyinsa biyu cikin ƙura a gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba. Ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga ta ran Laraba, ya ce: a gaban mutane na kira ka ɓarawo, a gaban mutane nake cewa ƙarya na yi maka, ka fi ni gaskiya, ka gafarta mini saboda Allah. Bai ce wance ce ta ruɗe ni ba. Bai ce da ka yi magana da ba a kai haka ba. Sunan tsohuwar ma bai fito daga bakinsa ba, ya ce dawar ta tafi inda ya kamata ta tafi, shi ke nan.

Yaron ya rasa inda zai sa kansa. Ya zube shi ma, yana kuka yana jan hannun kakanka yana cewa Baba tashi, Baba tashi. Tsohon surukin ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin furfura a ƙasa gaban wanda bai da gemu ba, yaro ya dawo gona gobe. Rana ta karkata kafin mu koma mu ci Jibi. Da damina ta faɗi kuwa, kakanka ya saɓi garmarsa ya shiga cikin samarin golmo ya yi huɗa tare da su, don ya rama wa yaron kwanakin aikin da ya sa ya rasa. Dattijon ikilisiya, mai jikoki, cikin layin samari a gonar wani.

Ni a lokacin kunya ce ta ishe ni, don sa'o'ina sun yi ta tsokanata a rafi. Na kai kuka wurin kakarka, ta ce, kai, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ubanka ya tashi da tsawonsa. Ta ƙara da cewa girman kai rawanin tsiya ne. Shi kansa bai sake ta da zancen ba, sai sau ɗaya, shekaru bayan haka, da zan fara aikin koyarwa zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ya ce mini, za a riƙa tsuguna maka yanzu, ka sani babba juji ne, wanda ba zai iya ɗaukar shara ba kada ya karɓi gaisuwa.

Shi ya sa maganar ɗan'uwan naku ta tsorata ni. Yana tsammani yana kare girman Allah ne, amma ina jin tsoron abin da yake shuka muku. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa, sura 2, cewa Almasihu yana cikin surar Allah amma ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa, ya yi biyayya har mutuwar gicciye. A Yahaya 13 ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi a daren. Ba a wanke ƙafar mutum a tsaye, ɗana. Yaƙub 4:6 da 1 Bitrus 5:5 magana ɗaya suka yi, Allah yana gāba da masu girman kai, masu tawali'u yake yi wa alheri. In mutum yana neman faranta wa Allah rai, yaya zai fara da abin da Allah yake gāba da shi? Bafarisiyen nan na Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, yana fid da zakka, ba a kama shi da ƙarya ba, duk da haka mai karɓar haraji da ya kasa ɗaga ido sama shi ya koma gida baratacce.

Ba ku kaɗai nake yi wa faɗa ba. Ku kuna gaishe mu da abin sauraro toshe a kunne, hannu ɗaya cikin aljihu, wannan yana yi mini ciwo. Amma manyan yanzu ma sun ba ku dalili. Ina ganin masu wa'azi da yaro ke riƙe musu Littafi da jaka, ba a kiran sunansu sai an jera laƙabi uku. Ran godiyar girbi ana karanta sunan wanda ya ba da kuɗi mai yawa a yi masa tafi a kai shi kujerar gaba, gwauruwar da ta kawo mudun dawa tana can bakin ƙofa, kamar ba a taɓa karanta mana Luka 14 ba, inda Yesu ya ce kada a nemi wurin zama na gaba. Dattijo zai yi wa yaro ƙazafi, gaskiya ta fito, sai ya ce a bar maganar ta wuce. Akwai ma masu son a zube musu kamar su ne ke ba da albarka. Irin wannan kam ɗan'uwanku yana da gaskiya a kai, don da Karniliyas ya faɗi gaban Bitrus, ɗaga shi ya yi ya ce shi ma mutum ne. Yaushe rabon da in ji babban mutum ya ce wa ƙarami ka gafarta mini a bainar jama'a? Na daɗe ban ji ba, a majami'a ko a gida.

Saurayin nan yana nan da rai. Ya auri yarinyar, an yi masa baftisma, ya yi shekaru yana dattijon ikilisiya, yanzu ƙafa ta hana shi fita. In ka zo zan kai ka wurinsa, ka tambaye shi da bakinka me ya sa ya yi shiru ran Larabar nan, don ni har yau wannan shirun ya fi ba ni mamaki a kan durƙuson kakanka. Ka gayyato ɗan'uwan naku ma in zai yarda, akwai ɗaki, sabuwar dawa kuma ta shigo gida. Ku taso da sassafe, hanyar Koko zuwa Dabai ba ta dare ba ce yanzu. Uwargida tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da busasshen kifi in kun tsaya a hanya.