Wace Jami'a Ce Ta Dace da Mai Son Tattalin Arziki da Tsara Manufofin Gwamnati?

Tambaya: Malam, bana zan kammala sakandare, kuma ina sha'awar nazarin tattalin arziki da yadda gwamnati ke tsara manufofinta. Wace jami'a za ka ba ni shawara in nema? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, ni dai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita zan fara ambata miki, domin ta haɗa fannonin biyu. Sashen tattalin arziki yana babban harabar Samaru, sashen gudanar da mulki kuwa yana Kongo, inda aka daɗe ana horar da ma'aikatan gwamnati tun kafin a samu 'yancin kai. Jami'ar Bayero ta Kano ma zaɓi ce mai kyau.

Shawarata ita ce ki yi digirin farko a tattalin arziki, domin wanda bai iya karanta kasafin kuɗi da alƙaluman hauhawar farashi ba, da wuya ya gane amfanin wata manufa ko illarta. Saboda haka ki dage da lissafi tun yanzu, tunda yana cikin darussan da za ki rubuta a jarrabawar JAMB. Cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa da ke Kuru, kusa da Jos, kuwa, manyan jami'ai take ɗauka, sai nan gaba in Allah Ya yarda.